Tankar Ruwa a Ayarin Ƙarshe

A Yamai muka gane cewa aikin da aka kira mu ba shi ne aikin da za mu yi ba.

Sunana Hamisu, mutumin Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi. Kafin wannan tafiya abu biyu na sani a duniya, noman masara da tuƙin babbar mota. Da damina ina gona, da rani ina ɗaukar hatsi da auduga daga Funtua zuwa kudu. Da 'yan bindiga suka matsa wa gonakinmu na bakin daji, har ta kai mutum ya yi shuka bai san ko shi zai girbe ba, sai wani dillalin direbobi ya ce ana neman masu tuƙi a Nijar, jigilar siminti a cikin gari. Mu biyu muka amsa, ni da Emeka. Iyayen Emeka 'yan kudu ne, uwarsa na da shagon atamfa a Funtua, amma shi a nan aka yanke masa cibiya, kuma Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri.

Wakilin kamfanin da ya ɗauke mu, wani Alhaji Sidi, ya karɓe fasfo ɗinmu tun ranar da muka sauka, wai za a buga musu hatimi. Bayan 'yan kwanaki ya kai mu wani fili, ya nuna mana tankokin ruwa guda biyu. An lulluɓe gilasansu da ragar ƙarfe.

Emeka ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ragar da yatsa. "Alhaji, yaushe siminti ya fara jifa?"

"Aikin siminti ya ƙare," in ji Alhaji Sidi. "Akwai na ruwa. Sojojin Turawa ne suke da sansani a arewacin Mali, mu muke kai musu ruwa. Suna da jirage, suna da komai. Babu inda ya kai wurinsu tsaro."

Na ce, "Alhaji, a ba mu fasfo ɗinmu mu yi shawara."

"Suna ofis. Wanda ya gama aikinsa zai karɓi nasa."

Bai ɗaga murya ba, har murmushi yake yi. Muka koma masauki. Na tuna yadda matata Rakiya ta sayar da tunkiyarta don in yi guzuri, na tuna fuskokin 'yan majalisarmu idan suka gan ni na dawo hannu rabbana. Emeka ya ce, "Hamisu, mu je mu gani. In wurin bai yi ba, ai ƙafa tamu ce." Daga baya muka gane a can ƙafa ba ta fitar da mutum.

Mun bi gefen kogin Kwara har Gao, daga nan muka yi arewa cikin ayarin motocin kaya. Bishiyoyi suka yi ta raguwa har suka ƙare. A gefen hanya sai ka ga ƙonanniyar mota a kife, ba wanda zai ce maka komai a kanta. Garin da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba, saboda akwai mutanen da na bari a can.

Ƙaramin gari ne na jar ƙasa, da kasuwa ɗaya da masallacin Juma'a ɗaya. Sansanin yana gabas da shi, an kewaye shi da manyan buhunan yashi da waya mai ƙaya. Aikinmu shi ne mu ɗebo ruwa a rijiyar burtsatse da ke bakin gari mu kai cikin sansani, safe da yamma. A bakin wannan rijiya na haɗu da Malam Yunusa.

Tafinta ne na sojojin. Ɗan garin ne, siririn mutum mai tabarau, da can malamin makaranta ne kafin a rufe makarantar. Ya yi karatu a Maraɗi, don haka yana jin Hausa ban da yarensu na Songai da yaren Turawan. Ya ji ni ina yi wa famfo tsaki da Hausa, sai ya juyo.

"Bakatsine ne wannan, ko kunnena ne?"

Na rantse da Allah sai da idona ya kawo ruwa. Na daɗe ban ji baƙo ya yi mini magana da yaren da nake mafarki da shi ba.

Shi ya zama idona a garin. Ya nuna mini wanda zan gaisar da wanda zan kauce wa. Ya ce kada in tambayi kowa aikin ɗansa, kada in nuna tsaunin arewa da yatsa. Ya ba ni labarin zuwan sojojin. Ya ce kafin su zo mutanen daji ne ke riƙe da garin, sun hana makaranta, sun hana kiɗa, suna yanke hukunci a kasuwa. Ranar da Turawan suka shigo, mata suka yi ta guɗa, aka yanka raguna.

"Sun ce mana aikin 'yan watanni ne," in ji shi. "Yaran da aka haifa a shekarar yanzu suna kiwo."

"To mutanen dajin fa?"

Ya ɗaga haɓa wajen tsaunin, bai nuna ba. "Suna nan. Ba su tafi ba, matsawa suka yi."

Da na kwanta zazzaɓi, likitan sansani ya ba ni ƙwayoyi ya sallame ni. Ɗakin kwanon da muke kwana ya zama kamar tanda. Malam Yunusa ya ɗauke ni a babur ya kai ni gidansu, ya damƙa ni ga mahaifiyarsa, wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarenta. Ta shimfiɗa mini tabarma a rumfa, tana jiƙa zane tana ɗora mini a goshi, tana ba ni kunun gero da cokali kamar jariri. Idan na ƙi sha sai ta harare ni, irin hararar da mahaifiyata take yi mini kafin ta rasu. A cikin zafin ciwon nan na riƙa jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ina ganin masara ta yi kore shar a hanyar Gozaki, ina jin ƙarar keke-napep a tashar Malumfashi. In na farka sai in ga rumfar Inna da farar rana. Da na warke na kawo mata sukari da ganyen shayi, ta karɓa ta ba maƙwabta a gabana, don in san ba don wannan ta yi ba.

Abubuwa sun fara lalacewa ne a shekarata ta biyu.

Da farko nakiya ta tashi da wata motar sintiri. Muna cika tanki muka ji ƙarar, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Kashegari aka sauke tuta zuwa rabin sanda, aka jera akwatunan gawa a filin jirgi, sojojin suka tsaya a layi. Akwai wani a cikin waɗanda suka mutu da yake ba mu alewa a ƙofa, fuskarsa ko gemu bai gama fitowa ba. Daga ranar suka daina fita kasuwa. Suka ƙara tsayin buhunan yashi.

Ba a daɗe ba wani dattijo mai amalanken jaki ya nufo ƙofar sansani da itace. Kurma ne, duk garin an sani. Aka yi masa tsawa ya tsaya, bai ji ba. Sojan da ke kan hasumiya ya buɗe wuta. Ina bayansa da tankata, na ga jakin ya ci gaba da jan amalanken shi kaɗai har bakin waya.

Malam Yunusa aka tura tare da Kaftin ɗin sansanin su ba iyalan haƙuri. Da ya dawo ya zauna a inuwar motata ya cire tabarau.

"Da bakina na faɗa musu kuskure ne," ya ce. "Babban ɗansa bai kalli Baturen ba ko sau ɗaya. Ni yake kallo."

Daga nan yaran da ke ɗaga mana hannu suka koma jifa, na gane amfanin ragar gilashi. Mai shayin da muke zama wurinsa ya ce madararsa ta ƙare, alhali ga gwangwanaye a jere. Mata a bakin rijiya suka riƙa juya mana baya. Wata ta yi magana da ƙarfi, na tambayi Malam Yunusa me ta ce. Ya ce, "Cewa ta yi ruwan da suke wanka da shi a rana ya isa unguwarsu mako."

A lokacin kuma rediyo ya cika da labarin babban birnin ƙasar. Sojojin gida sun karɓi mulki, ana zanga-zanga, ana ƙona tutar Turawan. Kowa da abin da yake faɗi. Emeka ya ce, "Ni ɗan 'yar kasuwa ne. Shagon da kullum ake zuba masa jari ba ya dawo da komai, wata rana mai shi zai zo da kwaɗo. Ka zuba ido."

Ranar da maganar ta tabbata, Kaftin ya zo bakin rijiya da kansa, aka kira mai gari. Kaftin ɗin dogo ne mai furfura a gefen kai, ba shi da yawan magana. Suka tsaya su uku, Malam Yunusa a tsakiya yana juya harshe. Ina kan tanki ina riƙe da tiyo, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga mai gari ya tofar da yawu ya juya. Da aka watse na sauko.

"Malam, lafiya?"

"Tafiya za su yi."

"Su waye?"

"Duka. Ya zo ne ya ce sun bar wa gari famfon."

Ya ce mai gari ya tambayi Kaftin, kun gama abin da kuka zo yi? Ya ce a'a. Mai gari ya ce to cinye ku aka yi da yaƙi? Kaftin ya ce a'a, ba a taɓa cin su a fili ba. Ya ce to mene ne?

"Sai Kaftin ya ce gwamnatin ƙasar nan ta ce su fita, kuma soja ba ya zama a gidan da mai gida ya ce ba ya so. Ya ce ko da ba a kore su ba, mutanensu a can sun gaji. Duk akwatin da aka sauke a jirgi sai an nuna uwar yaron a talabijin, ga zaɓe na zuwa, ba ɗan siyasar da zai iya faɗin ranar da yaƙin zai ƙare. Ya ce kuma wani yaƙin ya taso kusa da gidansu, can hankalin manyansu ya koma."

"Shi ke nan?"

"Mai gari ya ce, to da kuka zo ba ku san haka za ta faru ba? Sai ya ce, da muka zo mun san wanda muke yaƙa. Yanzu in na fita ba na iya bambance wanda nake karewa da wanda ke jira in wuce."

Na ce, "Ku fa, Malam? Ku da kuka yi musu aiki?"

"Wannan ni na tambaya, ba mai gari ba. Ya ce ya rubuta wa manyansa." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Takalminsa yake kallo da yake faɗa."

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Hayaƙi bai daina tashi daga sansani ba, suna ƙona katifu, tayoyi, takardu, duk abin da ba za su iya ɗauka ba. Jirage na sauka wayam suna tashi da kaya. Garin kuma ya yi tsit. Ba jifa, ba zagi. Mutane suka daina ko kallonmu, kamar mun riga mun mutu. Wata safiya na ɗaga kai daga bakin rijiya sai na hango su a kan tsaunin arewa: babura a jere, mutane da rawuna a zaune a kai. Ba su harbi kowa ba, ba su ɓuya ba. Kallo kawai suke yi. Kashegari sun ƙaru.

Na san wannan shirun. Na taɓa jin sa a ƙauyukanmu na bakin daji, ranar da mutane suka wayi gari suka ga motar masu tsaro ba ta nan.

Bayan sallar Juma'a aka sami saƙo a bakin wani mai sayar da gishiri: duk wanda ya ci abincin sansani an san shi, an san gidansu. Masu wanki da masu shara suka fara sulalewa. Malam Yunusa ya sa matarsa da 'ya'yansa a motar kasuwa zuwa danginta a bakin kogi. Shi bai isa ya bi wannan hanyar ba, domin mutanen daji na tsayar da motoci suna duba fuska, kuma babu fuskar da aka sani kamar ta mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa a gefen Kaftin. Amsar manyan ta zo: ayarin ƙarshe na sojoji ne da direbobin kamfani. Ba za a ɗauki ɗan ƙasa ko ɗaya ba, gwamnatin ƙasar ma ba ta yarda ba.

Ana gobe tafiya, da la'asar, na je ɗiban ruwa na ƙarshe sai na tarar da Inna a bakin rijiya. Ban taɓa ganin ta fito daga gida ba. Tana dogara sanda, ƙaramin ɗanta Musa, wani mai ɗinki, yana riƙe da ita. Ta kama hannuna da hannayenta biyu ta yi magana mai tsawo. Musa yana jin Hausa kaɗan.

"Ta ce ita ta tsufa, ba inda za ta. Ta ce ni tela ne, ba ruwan kowa da ni. Ta ce ka fitar da yayana Yunusa." Ya nuna tankar. "Ta ce kai ɗanta ne."

Na ce a raina, idan aka kama ni, Turawa za su ajiye ni a hanya, ba fasfo, ba yare. Idan mutanen daji suka kama ni da shi, ko kabarina Rakiya ba za ta gani ba. Tsohuwar ba ta saki hannuna ba. Na ce, "Ka ce mata to."

Tankata ɗaki uku ce a ciki. Na cika biyu, na bar na gaba wayam. Emeka ya ji shirin ya dafe kai. "Hamisu, za ka dafa malamin mutane." Amma shi ya samo tsohuwar katifa daga cikin kayan ƙonawa, shi ya lanƙwasa ƙarfen da muka tokare murfin da shi don iska ta shiga. Allah ya taimake mu lokacin sanyi ne. Da sassafe na tsaya a rijiya kamar zan ƙara ruwa, Malam Yunusa ya fito daga ɗakin famfo da 'yar jaka, ya hau ya shige.

A ƙofar sansani aka tara direbobi. Wani soja ya yi bayani da Turanci, Emeka ya juya mini. Ba tsayawa. Kowa ya bi sawun tayar na gabansa, kada ya kauce ko taku ɗaya. Na ga fuskar Emeka ta canja kafin ya faɗi na ƙarshen.

"Ya ce motar da ta lalace ba a gyara ta, ba a ja. Direba ya sauka, su ƙona ta a wurin, don kada ta faɗa hannun mutanen can."

Muka fita. Mutanen gari na tsaye a bakin hanya, ba mai ɗaga hannu. Kafin motar ƙarshe ta bar ƙofa na hango a madubi babura sun fara gangarowa daga tsauni, a hankali, ba gaggawa.

Tafiyar kamar ta hawainiya. Motar da ke neman nakiya tana gaba, mu muna binta, jirgi mai saukar ungulu yana kewaya mu a sama. Duk ramin da na faɗa sai in ji shi a ƙirjina, ina tunanin mutumin da ke bayan kaina a cikin ƙarfe. Lokaci zuwa lokaci nakan doki bangon bayan kujera da sifana, in ji ya amsa da ƙwanƙwasa. Da rana ta take, amsar ta fara rauni. Can gaba aka tarar da nakiya aka tayar da ita, yashi ya zubo mana kamar ruwan sama. Na doka. Shiru. Na sake dokawa. Sai can na ji ƙwas, sau ɗaya.

Bayan azahar muka shiga wani kwari mai zurfin yashi. Tankar ta nutse, na ba ta wuta, ta yi kuka, sai na ji warin da kowane direba ya sani. Kulochi ya ƙone. Na taka, na sake takawa, fedar ta tafi ƙasa ba ta dawo ba.

Kafin in gama salati sojoji biyu sun iso. Ɗaya ya buɗe ƙofa ya finciko ni, ɗayan yana kwance murfin jarkar fetur. Na ce, "Akwai mutum! Akwai mutum a ciki!" Da Hausa nake ihu, kuma mutum ɗaya tak da zai juya musu maganata shi ne ke cikin tankin. Sojan ya tura ni wajen motarsu. Na ji fetur na zuba a kan kujerata. Na fizge, na ruga na kama tsanin tankar na hau. Ihu ya tashi ta ko'ina, na ji ƙarar bindigogi ana ɗana su. Ban waiwaya ba. Ina jiran harsashi a tsakiyar bayana, ina kokawa da murfin.

Muryar Emeka na ji. Ya baro motarsa a buɗe, abin da aka ce duk wanda ya yi za a iya harbinsa, yana gudu a kan sawun taya hannuwansa a sama, yana kururuwa da Turanci. Ban san me ya faɗa ba. Na dai ji sunan Yunusa sau da yawa.

Na ɗaga murfin. Zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunya. Yana kwance a kan katifar, tabaransa ya fashe, leɓunansa sun yi fari. Ni da Emeka da wani soja muka zaro shi. Aka zuba masa ruwa, ya buɗe ido.

Kaftin ya iso a ƙafa. Ya dubi Malam Yunusa, ya dube ni, ya dubi bakin kwarin. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kuma Malam Yunusa, yana zaune a ƙasa ruwa na ɗiga daga gemunsa, shi ya juya mini hukuncin da aka yanke masa da kansa.

"Ya ce bai gan ni ba. Ya ce in shiga motar Emeka in kwanta a ƙasa. Zuwa Gao kawai. Daga nan ba shi da iko."

Muna fita daga kwarin na ga baƙin hayaƙin tankata ya miƙe sama.

Mun isa Gao bayan wahalar da ba zan iya jerawa ba. Kafin shingen sojojin ƙasar, Emeka ya rage gudu a wata kwana, Malam Yunusa ya sulale ya bi cikin unguwa, domin su ma ba su yarda da wanda ya yi wa Turawa aiki ba. Muka yi alkawarin haɗuwa a bakin kogi inda ake sauke kifi. Wani yaron Alhaji Sidi ya miƙo mana fasfo ɗinmu a ƙofar filin jirgi, ko sannu bai ce ba. Kamfanin ma kwashewa yake yi.

Kashegari da hantsi muka same shi a bakin kogi. Emeka ya riga ya shirya komai a ransa. "Malam, ka biyo mu. Makarantun kuɗi a Funtua neman mai koyar da yaren Turawan nan suke yi. Uwata na da ɗaki a bayan shago. In ka zauna sai ka aiko a kawo iyali."

Malam Yunusa ya yi murmushi, karo na farko cikin watanni. Ya ce bari ya kira gida ya gaya wa Inna ya tsira. Ya karɓi wayata ya matsa gefe. Na ga yana magana, sai na ga ya daina, yana saurare kawai. Ya zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. Da ya dawo mini da wayar, sai da ya goge ta da bakin rigarsa.

"Maƙwabcinmu ne, wani dattijo. Mutanen daji sun shiga gari tun kafin ƙurarmu ta kwanta. Sun tara mutane a kasuwa. Sun ce gidan da ɗansa ya yi wa sansani aiki ya kawo shi, ko a ɗauki wani a madadinsa." Ya juya ya dubi kogi. "Sun tafi da Musa."

Emeka ya ce, "Malam, in ka koma kashe ka za su yi. Kuma ba lallai su sake shi ba."

"Na sani."

Na ce, "Inna da kanta ta ce in fitar da kai. Me zan ce na yi mata?"

"Ka yi abin da ta ce, Hamisu. Ka fitar da ni. Ba ta san da Musa za a biya ba." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Yana da 'ya'ya ƙanana. Bai taɓa taka ƙofar sansanin nan ba. Ni na ci albashinsu."

Mun yi magiya har muryarmu ta dushe. Muka raka shi tashar motocin arewa. Mota ɗaya ce ke lodi, ta gishiri da buhunan gero, fasinjojinta ba su kai a ƙirga ba, don kowa kudu yake yi. Ya rungume Emeka, ya rungume ni, ya ce in gaida Rakiya da bai taɓa gani ba, in yafe masa wahalar da ya ba ni. Yana hawa, wani ƙaton jirgin sojojin ya taso daga filin jirgi ya bi ta kanmu, ƙararsa ta cika tashar. Kowa ya ɗaga kai. Shi bai ɗaga ba.

Na iso Ƙarfi ana shirin sharar gona. 'Yan majalisa sukan tambaye ni, wai me ya sa Turawan nan suka kwashe, ga jirage ga makamai? Nakan faɗa musu abin da Kaftin ya faɗa wa mai gari, su gyaɗa kai, a shiga wata hirar. Ba na kai su bakin kogi.

Lambar maƙwabcin nan ta zauna a wayata. Na yi ta kira ba ta shiga. Ranar wata kasuwa a Malumfashi, ina tsaye wurin masu taki, na sake gwadawa, sai ta shiga. Wani ya ɗauka. Ba muryar tsoho ba ce, kuma Hausarsa tsaf.

Na yi sallama na ce, "Don Allah labarin Malam Yunusa nake nema, da ƙanensa Musa."

"Telan yana gida," in ji shi.

"Malam ɗin fa?"

Ina jin iska tana kaɗawa a inda yake, da ƙarar babur a nesa.

"Kai ne mai tankar ruwa," ya ce. Ba tambaya yake yi ba. "Hamisu. Ka isa gida lafiya?"

Ban faɗa masa sunana ba. Na kashe wayar. Mai taki yana ta tambayata buhu nawa zan ɗauka, ni kuwa ina ta kallon lambar a fuskar wayar.